Ranar da na je Katsina ɗauko bashenmu

Asabar: Madarounfa zuwa Katsina

Ina sallame sallar asuba na fita, ƙarfe shida saura kwata. Maigari ya riga ya sa an yi shela: ran Laraba za a saki gonaki wa dabbobi. Ni kuwa damin gerona da harawata duk suna jibge a gonarmu ta hanyar Gabi, motar da za ta kwaso su kuma sati biyar ke nan tana Katsina. Bashe ce mai buɗaɗɗen baya, marigayi maigidana ya bar mana. Autana Sanusi, mai shekara ashirin da takwas da gemu, shi ya kai ta gyaran inji. Kullum na kira, sai ya ce, "Inna, saura kaɗan."

Kabu-kabu ya kai ni Ɗan Issa a dala ɗari biyu. Na shiga motar Jibiya, mu takwas a wurin mutum biyar. A iyaka wani mai kaki ya juya katina ya ce wa zai karanta mini. Na ce, "Yaro, da furfura na shiga lakkol ɗin manya ta yaƙi da jahilci, amma na fito da abina. Miƙo." Ƙarfe sha ɗaya da rabi ina Katsina.

Garejin

Na wuce motar sau biyu ban gane ta ba. Farar bashena an shafe ta ja. An liƙa mata wasu kumatu bisa kowace ƙafa, sun buɗe kamar kwaɗo ya sha ruwa. Tayoyi faɗin turmi, sun leƙo waje. Sanusi ya taso yana washe baki.

"Inna, kin gani? Babu irinta duk Maraɗi!"

"Mi na gani? Ina motar ubanka?"

Mai garejin ya sa baki. "Hajiya, an ƙara mata faɗi, an sa mata turbo. Yanzu doki ce."

"Ni jaki na aiko a gyara mini."

Ya tada ta, salansar ta yi ƙara har awaki suka watse. Na kwance ɗankwalina na auna gaban motar, mutane suna dariya. Taƙi guda ta ƙaru kowane gefe. Burtalin gonarmu kuwa shingen aguwa ne dama da hagu, marigayi sai ya naɗe madubai yake wucewa. Na gaya wa Sanusi. Ya ce ƙarfin injin zai shigar da ita.

"Ƙarfi yana rage faɗi?"

Na ce a loda mini tsofaffin tayoyina huɗu da ƙarafunansu. Mai gareji ya ce ai sun zama shara. Na zauna bisa bencinsa na ce to nan zan kwana tare da sharar. Kafin la'asar aka fiddo su daga bayan shago. Na sauka wurin ƙanwata, ta yi mini tuwon shinkafa, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Lahadi: komowa

Ƙarfe bakwai muka taso. Gaskiya bisa kwalta tana tafiya, ba zan yi mata ƙarya ba. A duwan, wato kwastan, sun riƙe mu awa biyu, don takarda ta ce fara, ido ya ce ja. Samari sai ɗaukar hoto suke, Sanusi yana jingina da ƙofa kamar ango.

Na hana shi shiga gari. Na ce gona kai tsaye. Ƙarfe ɗaya da minti goma muka iso bakin burtali. Ya sa kai a hankali, sai ƙaras! Kumatun hagu ya tsage, tayar dama ta hau shingen Malam Idi maƙwabcinmu. Daga nan ina hango damin gerona, can nesa kuma ga shanun Fulani sun fara taruwa a fako suna jiran Laraba.

"Inna, in an sare aguwar nan kaɗan..."

"Shingen mutane? Shekara talatin ban yi faɗan iyaka da kowa ba, sai don kwalliyarka? Ɗauko jak."

Ya tsaya yana kallon motar, idonsa ya kawo ruwa. Na ji tausayinsa, ɗana ne, amma ban nuna ba. Ni na riƙe masa kusoshi cikin zanena, yana kwance tayoyin da kumatun ɗaya bayan ɗaya. Malam Idi ya zo ya kama mana yana murmushi. Kafin magariba ta koma bisa tsofaffin ƙafafunta, ta shige burtali da madubai a naɗe.

Gida

Sawu bakwai muka yi Litinin da Talata. Inda take nishi da dami a rairayi da, yanzu haurawa take, wannan kam na yaba masa. Daminmu na ƙarshe ya shiga rumbu Talata da la'asar. Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni, na gode wa ƙanwata da Malam Idi.

Kumatun nan huɗu suna bayan ɗaki, na kifa su sun zama akurki. Kajina sun ce babu irinsu duk Maraɗi.