Jar wayar da surukina ya jona

Ƙaurin roba na fara ji tun daga ƙofar falo.

Rautar gidanmu ce, na'urar da ke raba mana intanet, ta ƙi tashi, ga shi da intanet ɗinta nake aiki a nan Kamazou. Na kwance ta, na samo 'yan fil huɗun nan na siriyal, inda ake jona ta da kwamfuta a ga abin da ke damunta. Kebul ɗin da ake jonawa da shi wayoyi huɗu gare shi, amma uku kawai ake sawa. Jar ta wuta ce, ba a taɓa ta, don rauta na da wutarta. Na jona ukun, har rubutu ya fara gudu a allon kwamfuta, sai na fita buɗe wa mai ruwa ƙofa.

Ina dawowa na tarar da surukina, tsohon mai wayarin ɗin wutar lantarki da ya zo mana daga Makera, ya sa tabarau ya duƙa kan teburin.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Ka manta ja tana lilo, na ƙarasa maka. Tunda nake wayarin ban taɓa ganin wuta ta tafi babu ja ba."

Rubutu ya tsaya cak. Rauta ta soye.

Wallahi da ƙanina ne, da yau unguwa ta ji mu. Amma uban matata ne. Raina na tafasa, na buɗe baki na ce, "Sannu da aiki, Baba."

Har cewa ya yi in kira shi idan wani abu ya sake lalacewa!

Ku masu surukai masu taimako, don Allah ina kuke kai fushinku?