Gwangwanin Tani

Duk Gatawa an san Tani mai daddawa da abu biyu: baki da ajiya. Ba ta yar da komai, ko zaren buhu. 'Ya'ya bakwai ta haifa, masassarar damina ta ɗauke uku. Ga hanyar Sabon Birni, inda asibiti yake, 'yan bindiga sun mai da ita tasu. Sai Tani ta ƙirƙiro dabara: in aka samo wa yaro maganin zazzaɓin cizon sauro, da zarar jikinsa ya yi sanyi sai ta tsayar, ta jefa sauran ƙwayoyin cikin gwangwanin madara. Maƙwabta na zuwa roƙon saura, tana ba su tana taƙama.

Autarta Sadiƙa kuwa boko ya kai ta har Legas, ɗakin bincike, inda suke niƙa soson teku da ciyawar cikinsa suna neman sabon maganin masassara. Tani dariya take yi mata. Yarinyar da ko gulbi ba ta iya tsallakawa, wai ita ce da teku!

Ranar wata Laraba da hantsi dariya ta ƙare. Jikarta Bilki, 'yar shekara huɗu, marainiyar da take riƙo, ta kwanta karo na biyu cikin wata guda. Tani ta ba ta na gwangwani, ta amayar. Can sai jijjiga, idanu suka juye. Tani ta haye tudun bayan gida inda ake samun sabis, ta kira Legas.

"Sadiƙa, aiko man maganin tekun nan naku yau! Bilki za ta tafi."

"Inna, bai zama magani ba tukuna. Ko a ɓera ba mu gwada ba, sai nan da shekaru. Wancan karon ta shanye nata duka?"

Tani, wadda ba a taɓa rufe wa baki ba, ta shiga kame-kame.

"Inna, ta shanye?"

"Ai ta warke, har wasa ta yi. Na aje saura."

"Ba ta warke ba, ciwon laɓewa ya yi. Irin wannan rabin shan na cikin abin da ke sa magani ya daina ci, shi ya sa muke tonon teku. Yanzu allura take so. Ki kai ta Sabon Birni."

Shekaranjiya aka kwashe mutum tara a hanyar nan. Tani ta sani sarai, har da mijin ƙawarta. Tsoro ya kama ta, ga kunya mai ɗaci. Ta goya Bilki, ta je ta tsaya gaban Usmanu mai kabu-kabu.

"Inna Tani, hanya ba kyau."

"Na sani, ɗan nan. In ba ka zuwa, da ƙafa za ni."

Ya tada babur. Gero ya yi tsayi, ya rufe gefen hanya, kowane motsin kara sai ta waiga. Zafin yarinyar na ƙona mata baya, ita ko murna take da shi, don mai rai ke da zafi. A wata kwana suka ga takalma warwatse a ƙasa.

Kwana biyu Bilki ta yi ana yi mata allura, aka sallame su da ƙwayoyin kwana uku. A rana ta biyu da komawa gida ta tashi tana bin kaji. Hannun Tani ya kai kan gwangwani, wallahi ya kai. Ta janye shi, ta kamo yarinyar tana ihu, ta ɗura mata. Haka har ta ƙarshe.

Da safe sai ga maƙwabciyarta Saudatu, jariri a kafaɗa, jikinsa zafi rau.

"Inna Tani, ko akwai saura?"

Tani ta buɗe gwangwanin ta nuna mata. Wayam. Idon Saudatu ya cika da hawaye. Tani ta dubi hanya, ta jawo mayafinta.

"Tashi ki goya shi. Za ni raka ki."