Baitin Kakana a Ƙarshen Gona

Har yau in na ji ƙararrawar keke, tafin hannun babana nake tunawa.

Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Tawa, ba a jima da sauke tutar Faransi ba. Ran hutu sai ya ɗora ni bayan kekensa, mu bi ƙauyuka neman tsofaffin mawaƙa. Mutane na cewa son waƙa ne, amma ni na san ba shi kaɗai ba ne. Babana bai san mahaifinsa ba, yana goye uban ya rasu. An ce masa akwai wani makaɗin noma da ya taɓa sa mahaifin nasa a waƙa. Wannan baitin muke nema.

Kai, mun sha duwatsun Adar, mun sha faci! A Kalfu aka ce mu je Barmu, a Barmu aka ce Affala. Can muka samu makaɗin da bazara, tsoho tukuf, idanu sun tafi, gangarsa na rataye.

Babana ya durƙusa ya faɗi buƙatarsa.

"Na san shi," in ji tsohon, ya kira babana mushe kamar yadda ake kiran malaman lakwal. "Amma mushe, waƙar noma ba ta hita a zaune. In ban ji hauya na cin ƙasa ba, ba ta zo mini."

Ko ɗigon ruwa bai sauka ba, ƙasa ta ƙeƙashe. Babana ya tuɓe takalmi, ya ari hauya, aka ja tsohon zuwa gona. Babana fa, mutumin da alli kaɗai ya sani! Yara na ta dariya, ni kuwa kunya kamar in nutse. Ganga ta tashi, tsohon na kiran manoman da suka daɗe a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Hannun babana ya fashe, ƙota ta yi ja.

"Baba, da saura?" ya tambaya yana haki.

"Ubanka kullum shina gaba. Sai ka kai ƙarshen gona ka iske shi."

Ya kuwa kai. Tsohon ya ɗaga murya: "Dogo mai gaban gayya, ba ka waiwaye sai don ka taya na baya!" Babana ya tsaya riƙe da hauya yana kuka, ni ma na taya shi. Ranar bai iya riƙe keke ba, a Affala muka kwana.

Yanzu jikokina a waya suke jin waƙa, suna kwance. In sun ce in yi musu ta kakana, sai in ce su ɗauko hauya tukuna. Dariya suke yi mini, amma wallahi ni ma a zaune ba ta zo mini.