Sikelin Masara a Zauren Gidana

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Ya san nauyin kowane abu tun kafin a ɗora shi a ma'auni.

Shekarar da maiɗakina ta kwanta ciwo, likita a Funtuwa ya ce a riƙa auna nauyinta kowane mako. Ya faɗa mini wata lamba, ya ce in ta sauka ƙasa da ita kada mu jira komai, mu wuce babban asibiti a Zariya. Mu muna Maska, kuma jikinta ba ya ɗaukar hawan babur. Sai na ce ai ina da sikeli a zaure, na lantarki, wanda nake auna masara da waken soya da shi.

Da farko ta ƙi. Ta ce, "Malam, buhu ka mai da ni?"

Na ce, "Buhu ba ya gardama."

Ta yarda, amma sai bayan la'asar, in masu kawo kaya sun watse an rufe ƙofar zaure. Lokacin sikelin ya wuni a kunne ƙarƙashin rufin kwano, ya yi zafi. In ta hau, lambobin ba sa tsayawa. Su hau, su sauka, su sake hawa. A kan buhun masara ba wanda wannan rawa take damu, don abin kaɗan ne. A kan mutum mai rama, kaɗan ɗin nan shi ne maganar. Mukan tsaya mu biyu muna kallo, in babbar lamba ta fito sai ta sauka ta ce, "To, ka gani." Haka muka yi har aka fara karyar masara. Ina mata rubutu tana sha, tana shan maganin likita. Zanenta kuwa yana ƙara zagaye jikinta. Ina gani, ban jin komai. Ina sallah, ina awo, ina barci.

'Yarmu ta fari tana karatun injiniyan lantarki a jami'a. Ta zo hutu, ta ga yadda muke yi. Washegari ta kwance cikin sikelin a kan tabarma.

Ta ce, "Baba, ƙarfen da ke ƙarƙashin nan, in an danne shi yana fitar da wuta 'yar mitsitsiya. Wannan ɗan allon shi ke ƙara mata ƙarfi, kamar yadda amfilifayar masallaci ke ɗaga muryar ladan. Matsalar ita ce yana da tasa hayaniyar da tasa karkacewar, yana haɗawa da na gaskiya. In ya ji zafi sai ya ƙara."

Na ce, "Wato shaida ne mai ƙari a zance."

Ta tafi Funtuwa ta karɓo wani allo da ta sa aka aiko mata, bai kai akwatin ashana ba. Tana haɗa wayoyi da dalma tana mini bayani. Ta ce wannan yana musanya wayoyin biyu da ke shigo masa, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama, da sauri fiye da ƙiftawar ido. Wutar gaskiya tana juyawa tare da musanyar, kuskuren allon kuwa yana nan inda yake. In an mayar da komai daidai a ɗaya ƙarshen, kuskuren ya cinye kansa, gaskiyar ta rage.

Na gane, domin na taɓa gani. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana da ma'aunin auduga mai faranti biyu. Saboda tsoron tauye haƙƙin mutane, yakan auna sau ɗaya, sannan ya mayar da audugar inda dutse yake, dutse inda auduga take, ya ɗauki tsakiyar awon biyu. In ma'aunin yana da son kai, ta nan yake fita. Na faɗa mata. Ta ce, "Shi ne, Baba," ta ci gaba da aikinta.

Da la'asar aka rufe ƙofa. Uwar ba ta kiran sunanta, kunyar ɗan fari. Ta ce, "Me 'yar bokon nan ta yi wa abin?"

Yarinyar ta ce, "Inna, ki hau dai."

Na riƙe mata hannu ta hau, na saki. Lambar ta fito ta tsaya cak. Muka jira, bisa sabo, ko za ta hau. Ba ta motsa ba. Tana ƙasa da wadda likita ya faɗa, kuma da nisa.

Maiɗakina ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Na dā ya fi ladabi." Ta sauka ta shiga ciki.

Yarinyar ta juya baya tana naɗe wayoyinta, kafaɗunta suna rawa. Ni na tsaya ina jiran wani abu ya taso mini a ƙirji, bai taso ba. Aka yi sallama daga waje, wani maƙwabci ne ya kawo buhu biyu. Na buɗe ƙofa, na auna masa, na tambaye shi ko ƙanensa mai mota yana gari.

Da safe muka tafi Zariya. Likitan can ya duba ta, ya tambaye ni tun yaushe take ramewa haka. Na ce ban sani ba. Ya ce da an zo da wuri, da ya fi. Suka riƙe ta, suka yi iyakar abin da za su iya, sannan suka ce mu koma gida ta huta. A mota ta tambaye ni ko an sa wa dawar gonar fadama rana. Na ce sai ta bushe. Ba ta ga yankanta ba. Allah Ya haskaka makwancinta.