Mai Akwatin Wayoyi a Tashar Makoɗa

A tashar Makoɗa, daura da inda Hure ke suyar awara, wani baƙon saurayi yana tsugune a rumfar mai caji. Siriri ne, rigarsa a goge, amma ƙafafunsa na wanda ya tashi a gona ne. A gabansa akwai na'urar haɗa sauti, akwati guda cike da wayoyi kala-kala. Yana zare wannan waya yana soka waccan, yana murɗa maɓalli a hankali. Muryar wata mace ce ya daddatsa ƙanana kamar tsaki, tana zuba tana watsewa.

Hure ce ta fara dariya, 'yan acaɓa suka ɗauka. Wani dattijo ya leƙo ya ce, "Samari, rediyon taka ta lalace ne?"

Saurayin ya sunkuyar da kai. "E, Baba, ta lalace."

Kafin ya kashe, sai muryar ta haɗe ta fito sarai: tsohuwa ce ke waƙar niƙa, tana haki. Wataƙila mahaifiyarsa ce, wataƙila ma ƙasa ta rufe ta. Hure ta juya ga kaskonta, ta kasa ɗago ido har motarsa ta tashi.