Wasiƙata a Kwalin Kawu Hamidu

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Talata, goma sha uku ga Maris 2001, mako guda bayan babbar salla, Allah ya karɓi ran Malam Hamidu mai kemis na bakin titin jirgi a Agege, bayan jinyar kwana huɗu. Ƙanin mahaifiyata ne, ni kuma Umaima ce, wadda masu zuwa shagon suka saba gani a bayan kanta. Na so in rubuta ta'aziyyarka tun ranar uku, Kawu. Da na yi a lokacin, da yabo zalla za ka samu. Yau kwana arba'in, kuma na san abin da ban sani ba a ranar.

Bari in fara da alherinka, domin yana da yawa kuma ba zan rage maka ko ɗaya ba. Shekara ashirin da shida ka yi a wannan ɗan shago. Yarabawan layinmu Baba Dokita suke ce maka, kullum kuma sai ka gyara musu, ka ce kai mai sayar da magani ne kawai. Na ga mata sun zo da yaro jiki rau da zazzaɓi suna roƙon allura, ka ƙi, ka fita da kanka ka tare musu okada zuwa asibiti. Na ga 'yan cirani masu turin baro sun zo neman ƙwayar ƙarin ƙarfi, ka zaunar da su a benci ka yi musu faɗa kamar kai ka haife su, sannan ka aika su wajen mai shayi.

Abin da aka fi saninka da shi kuwa shi ne kwalin nan na ƙarƙashin kanta. Duk maganin da wa'adinsa ya wuce, ko da kwana ɗaya ne, cikinsa yake tafiya, ba ka sayarwa, ba ka kyauta. Shi ne darasin farko da ka koya mini: kafin ki karanta sunan magani, karanta kwanan watansa.

Da na gama sakandare a 1998, na rasa inda zan nufa. Baba yana so in yi karatun malanta in huta. Ƙawayena sun ce aikin nas, shekara uku an gama. Ni kuwa raina yana kan karatun haɗa magunguna, wanda ake cewa famasi, amma ina tsoro: shekara biyar, ga wuyar shiga, ga nisa da gida. Kai ka raba mini gardama. Ka sa ni a danfo, bas ɗin haya, muka je Ogba wajen abokinka Mista Dickson, mutumin Kagoro da ke aikin haɗa magani a wani kamfani. Ya yi mini tambayoyin kimiyya kusan awa guda, sannan ya juyo ya ce, "Oga Hamidu, yarinyan nan get head, tana da ƙwaƙwalwa. Kada ku bari ta zauna gida."

A hanyar dawowa ka faɗi maganar da har yau take kunnena. Ka ce, "Ni abin da ke rubuce a bayan kwali na sani. Ke je ki koyo abin da ke cikinsa." Kai ka lallashi Baba har ya yarda in gwada sau ɗaya tak, in ba a samu ba a bar maganar. Kai ka raka ni sayen fom ɗin jarrabawar shiga jami'a. Da muka zo gurbin adireshi, ka ce in rubuta akwatinka na gidan waya, tun da rabin layinmu ta nan suke karɓar wasiƙa. Ina zan yi musu? Kai ne mai mabuɗin amanar kowa.

Na yi jarrabawa a shekarar da soja suka miƙa mulki. Sakamakona ya yi kyau, na zauna jiran takardar shiga jami'a a Zariya. Duk Juma'a bayan masallaci kakan biya gidan waya, ni kuma in tsaya a ƙofar shago ina duban hannunka tun daga nesa. Wasiƙar mai wanki ta zo, ta ladan ta zo, tawa shiru. Har wata rana na kifa kai a kanta na yi kuka, ka dafa ni ka ce, "Yi haƙuri, Umaima, Allah ne bai yi ba." Na yarda. Na ɗauka kaina ne bai kai ba, na daina zancen famasi, na zama mai tsaron shago.

Ranar jana'izarka, muna cikin gida tare da mata muka ji liman yana tambaya a waje, kamar yadda aka saba, cewa duk wanda mamaci ya ɗauki haƙƙinsa ya yafe masa. Ni na fi kowa ɗaga murya. Na ce na yafe duniya da lahira, har ina mamakin me zan yafe wa mutum irinka.

Bayan sadakar bakwai, matarka Inna Hansai ta ce in gyara shagon. Na jawo kwalin nan don in kai a ƙone abin da ke ciki. A can ƙasa, ƙarƙashin kwalaben maganin tari, na ga ambulan mai sunana. An buɗe ta da reza, tsaf, irin buɗewarka. An ba ni gurbi, Kawu. Famasi, Zariya. Na yi yadda ka koya mini, na nemi kwanan wata: ranar ƙarshe ta rajista ta wuce da wata goma sha huɗu. Ka riƙe ta har wa'adinta ya ƙare, sannan ka sa ta inda kake sa duk abin da ya ƙare.

Ban yi kuka ba a ranar. Fushi na yi, irin wanda ban taɓa yi ba. Ka ci amanata. Ba zan sassauta kalmar ba don kana kwance. Da maƙiyi ne ya yi mini, da tuni na share. Amma kai ka kunna mini wannan buri da hannunka, ka kalli idona ina kuka, ka ɗora wa Allah abin da ka aikata. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Na kai wa Inna takardar. Ta daɗe tana juya ta, ta rantse ba ta taɓa ganinta ba. Sannan ta ce, "Idonsa ne, Umaima. Tun kafin ki yi jarrabawar nan ya daina ganin ƙananan rubutu. Ya hana ni gaya wa kowa." Sai abubuwa suka dinga dawo mini. Yadda kake miƙo mini kwali ka ce tabaranka yana gida. Yadda takardar likita ba ta ƙara tsayawa a hannunka ba, kai tsaye take zuwa nawa. Ina ta jin daɗi wai horar da ni kake yi, ashe ni ce idonka. In na tafi Zariya, ko ka rufe shago, ko wata rana ka ba ɗan wani maganin da ya lalace. Ka tsorata, na gane. Amma me ya hana ka faɗa mini? Wallahi da ka ce, "Umaima, ba na gani," da na zauna da kaina, ko in nemo maka wani kafin in tafi. Zaɓina ne, ka ɗauke ka yi mini.

Inna ce ta ce in rubuta wannan yadda yake. Ta ce gara ya fito nan da ya jira ka a can. Ta kuma tambaye ni wa zai riƙe shagon. Na ce zan riƙe zuwa ƙarshen shekara, babban ɗanka Saminu ya zo ya koya, don ni tafiya zan yi. Baba ya ga takardar, washegari ya ce damar nan ɗaya da ya ba ni tana nan, tun da ba ni na ɓatar da ita ba. Mista Dickson ya aiko mini da littattafai. Shekarata ashirin da biyu, na manta rabin abin da na sani, ban kuma san ko za a sake ɗaukata ba.

Saura maganar yafewa. Kwana talatin ina tambayar kaina ko wadda na yi ranar jana'iza ta ƙirgu, tun da ban karanta abin da nake yafewa ba. Kai da kanka ka hana ni miƙa abin da ban karanta ba. To yanzu na karanta, Kawu, baƙi da baƙi. Na yafe maka. Zuciyata ba ta gama hucewa ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce ta huce. Amma ba na so a tsare ka a gaban Ubangiji saboda ni.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Hansai, da Saminu da Balkissa, da mahaifiyata da ta rasa ƙaninta, da duk mutanen Agege da suka sha magani daga hannunka suka warke. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ka ɓoye. Allah ya haskaka kabarinka, ya mayar maka da ganinka a can. Ni kuma ku sa ni a addu'a. Na sayi sabon fom, na buɗe akwatin gidan waya da sunana, mabuɗin yana ɗaure a bakin gyalena.

Umaima Ya'u
Agege, Legas