Sunan da Hajiya ba ta faɗa

Bayan sojoji sun koma bariki, da shagunan intanet suka fara yawa a cikin birni, yayata ta ɗauko aikin da ba wanda ya sa ta: tattara tarihin gidanmu na Dala. Kakanninmu fatake ne da suka zo daga Tarabulus, dangi kuma sun watsu har ba a san juna. Ta buɗe wiki, wato shafukan da ake rubutawa ana ƙulla wannan da wancan, kowane mutum da nasa, an nuna wa ya haife shi, wa ya aura. Ni nawa kallo ne da tsiya, ina ce mata ta zama marokiyar dangi.

Yawancin labarin daga bakin kakarmu Hajiya ya fito. Ita kuwa mace ce mai alkunya irin ta da, ba ta faɗar sunan mijinta, ba ta faɗar na ɗanta na fari wanda ya rasu yana saurayi. Mijin "Malam na soro" ne, ɗan kuwa "wancan yaron". Yaya ta samo dabara. A rubutun wiki, cikin baka biyu, sai ta sa sunan gaskiya, ta ja sanda a tsaye, ta sa laƙabin Hajiya. Mai karatu laƙabin yake gani, sunan yana ɓoye a baya.

Da taron zumunci ya matso, aka ce a fitar da shafukan zuwa HTML, tsarin da kowace kwamfuta ke iya buɗewa, a zuba a faifai, don a karanta a zauren da babu intanet. Nan aka yi ta. Manhajar fitarwar ta watsar da laƙubban, ta bar sunayen tsirara. Ga maganar Hajiya, da salonta, tana kiran mijinta da ɗanta gatsal kamar 'yar zamani. Kuma a gaban surukai da jikoki za a karanta.

Na ce, "Yaya, wa zai lura? Ai Hajiya ba ta karanta boko."

Ta harare ni. "Kunne fa? Shi ma boko yake jira?"

Ta ƙi gyarawa da hannu, don a cewarta gobe in an sake fitarwa haka zai dawo. Ta zauna ta rubuta ƙa'idar juyawar da kanta, ta koya wa kwamfuta cewa laƙabin da ke bayan sandar shi ake nunawa, sunan da ke gabanta kuwa mahaɗi ne, sai an danna. An ɗauke wuta ta jira, an kawo ta ci gaba. Ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya tana karantawa da ƙarfi, don ta ji ko akwai inda bakin Hajiya ya kauce. Ban taɓa ganin girmanta kamar lokacin ba, har yau kuma ina alfahari da ita.

Taro ya yi kyau, Hajiya ta saurara kanta a sunkuye, ba ta ji abin kunya ba. Da jama'a suka watse sai ta yafito Yaya.

"Ke, an ce sunayen suna ciki?"

"Suna ciki, Hajiya, a rufe."

"Har na wancan yaron?"

"Har shi."

Ta duba ƙofa, ta ga babu kowa sai mu. Ta gyara mayafinta, ta ce a hankali, "To buɗe ki faɗa mini. Tun da aka kai shi ban ƙara jin an kira shi ba."